Wayar da Ke Ƙarƙashin Turmi

Ranar da aka binne wayar, Zuwaira tana bayan labulen ɗakinta tana yi wa 'yarta Murja tsifa, don haka duk abin da aka faɗa a kan kunnenta aka faɗe shi. Mijinta Ɗanmaliki ya buɗe shagon ƙanƙara da lemo a ƙofar gidansu da ke Tudun Kaya. Ya sayi janareta, amma tsoron ɓarayi ya sa ya gina masa 'yar rumfa can ƙuryar gida, bayan ɗakin girki. Ke nan dole waya ta ratsa tsakar gida kafin ta kai ga firizar da ke shago. Ya ɗauko Lukumanu mai aikin wuta daga cikin garin Karaye, aka ja layi da tsinke, aka haƙa ɗan rami wanda tonon kaza ma ya kusa fin sa zurfi.

Lukumanu ya duba nan, ya duba can, ya ce, "Maigida, ina bututun da na ce ka saya?"

"Na saya. Yana gona. Tumatirina na bakin dam ya fara yaushi, na jona ban-ruwa da shi."

"To ai ba a binne waya tsirara. Ƙa'idar aikinmu ta ce duk inda wani abu zai iya danne waya ko ya ji mata ciwo, sai an zura ta cikin bututu, an kuma zurfafa rami."

Ɗanmaliki mutum ne da in ka ba shi magana sai ya juya ta ya lalubo inda ta fi laushi. Ya gyara hula, ya yi murmushi. "Maimaita min. Inda wani abu zai iya danne ta, ko? To mota ce ke bi ta tsakar gidana, ko tarakta? Ka ga shanu a nan? Mata ne kawai ke wucewa, su ma da ƙafa. Dokarku ai don titi aka yi ta, ba don cikin gidan mutum ba."

Lukumanu ya sosa ƙeya. Ya san fassarar nan ba ta kan hanya, ya kuma san in ya naɗe kayansa ya tafi, kafin la'asar an samo wani. Ya ce, "To, ni dai na faɗa." Wannan "ni dai na faɗa" ta binne mutane a ƙasar nan fiye da yadda ake zato. Ya shimfiɗa wayar, aka mayar da ƙasa, aka daddaɓe da ƙafa. Layin ya bi ta gindin turmi, ya wuce ta bakin rariya inda ake wanke-wanke, ya fita ta ƙarƙashin zaure.

Rani ya ƙare lafiya. Kullum Zuwaira tana sussuka da daka a inda ta saba, taɓarya na sauka, gindin turmi na nutsewa cikin ƙasa kaɗan-kaɗan. Har ta manta akwai wani abu kwance a ƙarƙashin ƙafarta.

Ruwan farko ne ya tuna mata. Ta tsuguna bakin rariya da safe, ta kai hannu cikin daron ƙarfe za ta ɗauko kwano, sai ta ji kamar an soka mata allurai daga yatsu har gwiwar hannu. Ta fizge hannun, ta duba ko kunama ce. Babu komai sai ruwan sabulu. Ta sake gwadawa da ɗan yatsa ɗaya, abin ya sake fizgar ta har haƙoranta suka haɗu. Daga ƙuryar gida janareta yana ta ruri abinsa.

Da Ɗanmaliki ya shigo cin abinci ta durƙusa ta ajiye masa kwano, ta jira ya ci ya sha ruwa, sannan ta ce, "Malam, wayar nan fa tana jan mutum. Yau a bakin rariya ta ja ni."

Bai ɗago ba. "Wace waya?"

"Wadda aka binne. Na ji mai aikin yana cewa sai an sa ta a bututu."

Nan ne ya ɗago. Ba maganar wutar ce ta ɓata masa rai ba, jin da ya yi cewa tana bayan labule tana saurare ranar da wani ya yi masa gyara. Ya ce, "Au, laɓe kike yi wa maza? Yaushe kika yi karatun wuta? In ba kya son wanke-wanke ki ce ba kya so."

Uwarsa Hajo, wadda ɗakinta ke fuskantar nasu, tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Ni shekara nawa ina taka gidan nan, ban ji komai ba." Gaskiya ta faɗa. Hajo ba ta rabuwa da silifa, kuma rabonta da ta sa hannu a ruwan wanke-wanke tun ranar da aka kawo mata suruka.

Zuwaira ta yi abin da kowace mai hankali za ta yi. Washegari ta janye daron zuwa ɗaya ɓangaren gidan, ta mirgina turmi zuwa gindin katanga. Sai dai gidan a karkace yake, ruwan wanke-wanke ya gangara ya kwanta a ƙofar ɗakin Hajo. Tsohuwa ta fito ta ga kumfa a bakin ƙofarta, ta ga an tayar da turmin da ta ce tun tana amarya a nan yake, ta ɗora hannu a ka. Kafin Zuwaira ta buɗe baki Ɗanmaliki ya shigo daga shago. Bai tambayi ba'asi ba. Ya kwaɗa mata mari har ɗankwalinta ya faɗi, ya ƙara mata, ya sa ƙafa ya shure daron, kwanoni suka tarwatse. Ya kama ta ta wuyan riga ya ja ta har bakin rariya.

"Nan ne wurin wanke-wanke a gidan nan. Ki mayar da turmin uwata inda kika same shi."

Ta mayar. Murja, wadda ba ta wuce shekara uku ba, tana raɓe da ƙyauren ɗaki da ɗan yatsa a baki tana kallo.

Daga nan kwanakin Zuwaira suka koma na dabara. Ta koyi sauraren inji kamar yadda ake sauraren hadari. Takan yi sammako ta gama abin da za ta iya kafin a tayar da shi. Ta samo guntun katako tana tsugunawa a kai, ta ɗaura leda a hannu. Wani lokaci dabarar ta yi aiki, wani lokaci ruwa ya haye katakon, wutar ta cafke ta ta jefar. Ta fasa kwanon tangaran na Hajo, ta sha duka. Ta zubar da tukunyar miya, ta sha duka. Hannunta na dama ya fara rawa ko ba ta kusa da rariya, ta rame, idanunta suka faɗa. Abin da ya fi cin ranta shi ne Murja. Yarinya ce mai son ruwa, da an yi yayyafi sai ta nufi inda ya taru. Zuwaira ta koma goya ta kamar jaririya, in ta gaji ta ɗaure ƙafarta da ɗankwali a jikin gado.

Ga damina ta kankama, ban-ruwa ya tsaya, bututun yana jingine a bukkar gona babu abin da yake yi. Ta tuna masa sau ɗaya, cikin ladabi, tana kallon ƙasa. Ya ce in aka tone wayar firiza za ta kwana biyu a kashe, ƙanƙara ta narke, masu saye su koma wani shagon. Ya ƙara da cewa ko da ba haka ba, ba a yi macen da za ta sa shi tone tsakar gidansa ba.

Wata rana da hantsi wutar ta yi mata kamun da ya fi na kullum. Ta faɗi ta baya, ƙafafunta na shure-shure, ta ciji harshenta, jini ya biyo gefen bakinta. Hajo ta tsaya daga nesa tana salati. Da abin ya sake ta, tsohuwa ta matso ta leƙa fuskarta, ta gyaɗa kai irin na wadda ta gano bakin zare.

"Na san za a rina. Sau nawa ina ganin ki kina sheƙa ruwan zafi a rariya ba bisimilla? Kin ƙona musu 'ya'ya. Mutanen ɓoye ne suka kama ki."

"Inna, wallahi wuta ce."

"Wuta a cikin ruwa? Kin taɓa jin inda wuta ta zauna a ruwa?"

Ɗanmaliki ya karɓi maganar nan hannu bibbiyu. Ta zo masa daidai, kamar an auna. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa matar mai ƙanƙara aljanu sun shafe ta.

Zuwaira ta goya 'yarta ta hau mashin ta tafi gida Jajaye. Ubanta ya rasu, ƙaninsa Baffa Halliru ne a madadinsa. Ya saurare ta, ya duba kumburin fuskarta, ransa ya ɓaci. Amma kwana biyu sai ga Ɗanmaliki da goro da buhun masara, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe da kowa da sunansa. Ya ce shi ba ya riƙe ta da komai, larura ce, kuma ba mai ɗora wa kansa larura. Ya ce raunin fuskar nan faɗuwa take yi in abin ya motsa. Ya ce har ya yi magana da mai magani. Baffa Halliru ya dubi hannun Zuwaira da ke rawa a kan cinyarta, ya yi ajiyar zuciya.

"Ki koma ɗakinki, 'yata. Mijin da ya tsaya neman miki magani ba a guje masa. Ki yi haƙuri."

Mai maganin shi ne Malam Badaru, wani ƙaton mutum mai jan ido, wanda ya yi suna wajen cire aljanu. Ayoyin Allah waraka ne, babu mai musu. Amma dorinar da Badaru ke ratayawa a kafaɗa ba a cikin littafi ya samo ta ba, tasa ce. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a bakin rariya, ya ce a zaunar da ita daidai inda abin yake kama ta. Ya buɗe baki zai fara, sai ya yamutsa fuska.

"A kashe wannan injin. Ba a karatu cikin hayaniya."

Ɗanmaliki ya je ya kashe. Gidan ya yi tsit. Badaru ya yi karatu, ya tofa a ruwa, ya zuba cikin daron ƙarfen nan, ya ce ta sa hannu. Ta sa. Babu abin da ya faru.

"Kun gani? Ya ji ayar Allah ya laɓe."

Zuwaira ta ce, "Malam, ai an kashe inji ne. A tayar da shi, kai ka sa naka hannun."

Badaru ya dubi Ɗanmaliki ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka ji shi ko? Ba ita ke magana ba. Aljanun yanzu har gardama sun iya." Ya sauke dorinar daga kafaɗa. Hajo da wata maƙwabciya suka riƙe hannayenta, aka jefa barkono a kaskon garwashi aka kara mata a hanci. Tana tari, hawaye da majina na zuba, bulalar farko ta sauka a gadon bayanta.

"Mene ne sunanka?"

"Zuwaira."

Ya sake zuba mata. "Ba ita nake tambaya ba. Kai nake tambaya. Sunanka?"

"Wallahi ni ce Zuwaira. Wayar ce, a tone a gani."

Ya yi ta dukan ta, a baya, a cinya, a tafin ƙafa. Rigarta ta tsage, ta manne da jini. Tana jiyo kukan Murja daga ɗakin da aka kulle ta. Ta ɗaga ido ta nemi mijinta. Yana tsaye a bakin zaure ya harɗe hannu, yana kallon bango. A nan ta gane cewa muddin ta ci gaba da cewa ita ce Zuwaira, dorinar nan ba za ta huta ba. Ta dubi ramin da ruwa ke fita ta jikin katanga, ta faɗi abin da ya zo bakinta.

"Sunana Ɗanrariya."

"Alhamdu lillahi," in ji Badaru, yana haki. "Dama a nan suke zama. Za ka fita ko ba za ka fita ba?"

"Zan fita."

Aka sake ta. Aka ba Badaru abin sadaka da zakara, ya tafi yana cewa in ya dawo a kira shi, don irin wannan mai naci ne. Ƙurar mashin ɗinsa ba ta kwanta ba Ɗanmaliki ya tayar da inji, saboda ƙanƙara ta fara zufa.

Abin da aka ƙwace wa Zuwaira ranar nan ya fi fatar bayanta. Da bakinta ta amsa cewa akwai wani a jikinta, don haka duk abin da ta faɗa daga ranar ba nata ba ne. In ta ce waya, sai a ce Ɗanrariya ya dawo. In ta yi shiru, a ce ya laɓe. Matan unguwa suka daina aiko 'ya'yansu karɓar rance. Wata rana ta ji muryar Lukumanu a shago ya tsaya shan lemo, ta yafa mayafi ta fita har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Don girman Allah, bawan Allah, ka faɗa musu. Kai ka binne ta. Ka faɗa musu abin da ka ce ranar nan."

Lukumanu ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ya dubi Ɗanmaliki. Ya ce, "Ni aikin da aka sa ni na yi. Sha'anin gida kuwa ba na shiga." Ya ajiye kwalbar da sauran lemo a ciki, ya hau mashin. Ranar nan da igiyar guga Ɗanmaliki ya dake ta, wai ta tona masa asiri a gaban baƙo.

Ana cikin marka, wata Laraba bayan azahar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, rana ta fito. Tsakar gida ta zama tafki. Zuwaira tana ɗakin girki tana fama da ɗanyen itace, ta ɗaure Murja a jikin gado kamar kullum. Hajo ta ji kukan yarinyar, ta shiga ta kwance ta, tana faɗin ba a ɗaure mata jika kamar akuya saboda haukan uwarta.

Zuwaira ta fito da ludayi a hannu, idanunta cike da hayaƙi. Ta hangi Murja ta nufi bakin rariya da gudu, ƙafa ba takalmi, tana dariya, ta miƙa hannu za ta kama daron da ruwan sama ya cika. 'Yar fari ce, Zuwaira ba ta taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Ranar nan ta kira shi da duk ƙarfinta. Yarinyar ta taka ruwan, dariyar ta tsaya, jikinta ya sandare. Zuwaira ta yi tsalle ta bangaje ta da kafaɗa, Murja ta wuntsila can kan tudu inda ruwa bai kwanta ba. Ita kuwa santsi ya kwashe ta, ta faɗi a gwiwa cikin ruwan, hannunta na dama ya sauka a kan bakin daron, yatsunta suka damƙe shi suka ƙi saki.

Ba ta iya ihu ba. Muƙamuƙinta ya kulle, bayanta ya lanƙwashe, tana jin ƙaurin naman hannunta. Amma idanunta a buɗe suke, kuma ta ga komai. Ta ga Hajo tana kururuwa tana cewa a kira Malam Badaru, aljanun sun tashi. Ta ga Ɗanmaliki ya faɗo daga zaure da gudu. Bai nufo ta ba. Bai yi salati ba, bai tofa addu'a ba, bai nemi mai magani ba. Ya kewaye ruwan ta gefen katanga, a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya, ya wuce ta, ya shige rumfar ƙuryar gida. Rurin inji ya mutu. A daidai wannan lokacin daron ya sake ta, ta kife a cikin taɓo.

Hajo ma ta gani. Kururuwarta ta tsaya a maƙogwaro. Ta dubi ɗanta yana fitowa daga rumfar inji, ta dubi surukarta a kwance, ta kawar da kai ta je ta ɗauki jikarta.

A asibiti Ɗanmaliki ya ce wa ma'aikata matarsa tana da larurar aljanu, ta faɗa murhu. Mai duba ta ya juya hannun, ya dubi shatar da ke bayanta, ya tambaye ta ko haka ne. Ɗanmaliki yana tsaye a kanta. Ta tuna dorina, ta tuna Murja tana gida a hannunsu, ta rufe ido. Aka yanke yatsu biyu da suka ƙone har ƙashi, sauran ukun suka ƙanƙance suka lanƙwashe ciki.

Da aka sallamo ta, ta tarar an gyara gida. Turmin da aka ce tun Hajo tana amarya bai taɓa motsawa ba yana gindin katanga. Wanke-wanke ya koma bayan ɗakin girki, an haƙa masa sabuwar hanyar ruwa. An jefa reshen ƙaya a bakin tsohuwar rariya don kada yarinya ta je. Babu wanda ya ce mata ga dalili, ita ma ba ta tambaya ba. Inji yana ta rurinsa, wayar tana nan inda take. Masu zuwa dubiya suna cewa Allah ya raba ta da mutanen ɓoye, Hajo tana amsawa da amin.

Kaka ta yi, aka sayar da gyaɗa. Ɗanmaliki ya ci kasuwar Rogo ya sayi sa, fari tas mai tozo, zai turke shi ya yi kiwo. Ya bar shi a wurin dillali kwana ɗaya, ya dawo ya zaga gida yana neman inda zai kafa turke. Babu fili sai wurin nan da aka tashi daga kai, tsakanin tsohon gurbin turmi da rariya.

Washegari da safe Zuwaira tana ɗaki tana koyon ɗaura zani da hannun hagu, ta ji inji bai tashi ba. Ta ji ƙarar diga. Ta ɗaga labule. Ga bututun nan an kwaso daga gona an zube a tsakar gida, rana ta ɗan koɗar da shi. Ga Lukumanu a cikin rami har gwiwa, Ɗanmaliki yana tsaye a kansa yana nuni da sanda.

"Ƙara zurfi. Ka ce ƙa'idarku ta ce inda abu zai danne waya a sa bututu. To sa ne zai tsaya a nan. Ga kofato, ga fitsari, ƙasar ba za ta bushe ba. Kada ka bar ko taƙi ɗaya a waje."

"Ai shanu ba sa jure wuta ko kaɗan," in ji Lukumanu. "Wadda mutum zai ji ya yi tsalle, su kayar da su take yi." Ya ja tsohuwar wayar, ta fito daga ƙasa da taɓo a jikinta. Da ya zo daidai gurbin turmi sai ya tsaya. Robar ta daddatse ta baje, jan ƙarfen ciki ya fito fili ya yi kore, tsawon tafin hannu. Ya yanke wurin ya jefar gefe, bai dubi kowa ba.

Zuwaira ta fito. Ta tsallaka tarin ƙasa, ta sunkuya ta ɗauki guntun wayar da hannun hagu. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta daɗe tana kallon sa. Ta je gaban tabarmar Hajo ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ajiye shi a kan faifan gyaɗarta.

"Inna, ga Ɗanrariya. An cire shi."

Hajo ta dubi wayar, ta dubi dungun hannun da ke kan gwiwar surukarta. Da a ce ta yi shiru, da wataƙila Zuwaira ta yafe mata wani abu. Amma tsohuwa ta sa bayan hannu ta ture guntun wayar daga kan faifai, ta juya wajen ɗanta.

"Ka kyauta da ka gyara kafin a kawo shi. Dabba ce, ba ta da bakin da za ta faɗa in abu yana cin ta."

Ɗanmaliki ya ce, "Shi na gani, Inna." Sannan ya daka wa matarsa tsawa ta koma ɗaki, akwai namiji a gida.

Ta koma, amma ba zama ta yi ba. Ta durƙusa ta ce wa Murja ta hau bayanta, ta kama bakin zani da haƙori, ta ja ɗaya gefen da hannun hagu, ta ɗaure. Ba ta ɗauki kwano ko tsinke ba. Ta fito ta sake ɗaukar guntun wayar daga ƙasa ta soke a ƙugu, don Baffa Halliru ya gani da idonsa, in ya so ya sake ce mata haƙuri. Ɗanmaliki ya ɗaga sandar da ke hannunsa ya tare hanya. Ta tsaya ta dube shi ido cikin ido, ta ɗaga masa hannun nan mai yatsu uku.

"Doka, Malam. A gaban mai aikinka. In an tambaye ka ka ce aljani ka doka."

Sandar ta tsaya a sama. Lukumanu ya sunkuyar da kai cikin raminsa yana ta haƙa inda ya riga ya haƙa. Zuwaira ta tsallake ramin ta fita.

A ƙofar gida ta yi kiciɓis da dillali yana janye da san. Dole ta raɓe jikin bango da goyonta ta ba su hanya. Ta ji muryar Ɗanmaliki daga ciki, ta yi laushi kamar ba shi ba, yana cewa a tsaya da shi a inuwa tukuna, a ba shi ruwa, kada a shigo da shi sai an gama rufe bututun.